Wadda Ta Karanta Kunnen Kifi

Ina ɗan shekara sha biyu
na fara tuƙa mata kwale-kwale
a Riyo Negiro, kogi baƙi wuluk
kamar shayin da aka manta a kan wuta.
Dalva Pantoja sunanta.
Masunta suka ce, ga likitar kifi daga Manaus,
ko kifin ne zai nuna mata inda ke ciwo?
Suka yi ta dariya, ita kuwa sai murmusawa.

Ba don miya ta zo ba.
Sikeli, almakashi, kwalabe ɗari biyu,
da littafi mai bangon roba
wanda ya faɗa kogi sau uku
bai yarda da harafi ko ɗaya ga ruwa.

Idan ambaliya ta hau daji
har bishiyoyi suka tsaya a ruwa iya wuya,
sai ta ce, Ajiye filafili, Nilo, saurara.
Tsul! Ɗan itace ya faɗo.
Tambaki ya taso daga duhu ya cafke.
Ta rubuta lokaci. Sauro na cin ta, ba ta korewa.

Ta tsaga ciki dubu huɗu, ni na ƙirga.
Irin da ya fito bai fashe ba
ta shuka a gwangwanin madara, ta sa masa lamba.
Sati shida muna ban-ruwa kamar marasa aikin yi.
Ran da na arba'in da bakwai ya fasa ƙasa
ta zauna daɓas a laka.
Ta ce, Ka gani? Daji na ciyar da kifi,
kifi na dasa daji,
bashi ne da babu ranar gama biyansa,
kowa a cikinsu mai bi ne, kowa mai biyawa.

A kan kowane kifi akwai ɗan dutse
bai kai ƙwayar shinkafa biyu ba.
Ta goge shi, ta sa a madubin ƙara girma:
zobe ɗaya, ambaliya ɗaya.
Wannan ya ga yunwa a shekararsa ta uku.
Wancan an kama shi bai taɓa yin ƙwai ba,
ta daɗe a kansa ba ta ce komai ba.
Daga nan ta fara hawa matakalar ofisoshi
da takardu a hammata, ana cewa ta dawo gobe,
gobe ta dawo, jibi ma tana dawowa.

Da aka hana jefa koma lokacin ƙwai
tsoho Ozorio ya tofa yawu a gabanta:
Lissafinki zan dafa wa jikokina?
Shekara biyar bai amsa gaisuwarta ba.
A ta shida ya ajiye tambaki a ƙofarta,
tsawonsa ya kai hannu har kafaɗa,
ya ce, Auna. Ya juya yana tafiya yana gunaguni.
Wannan ce duk lambar yabon da na ga ta yi wa kuka,
sauran suna akwati, tsatsa na cinyewa.

Ba kullum ta ci nasara ba.
Madatsar da ta yi shafi ɗari uku a kanta
an gina ta.
Wani ɗan kifi mai jan ɗigo a wutsiya
da ta raɗa wa sunan mahaifiyarta
yanzu a kwalba kawai nake nuna wa ɗalibai shi.
Ba ta so a tambaye ta, ni ma na bar tambayawa.

Yau idonta ya dushe.
Ɗalibanta na Belem, na Ikitos, na Letisiya,
suna jayayya da lissafinta, tana jin daɗi,
wai rijiyar da ba a yasa ba ƙafewa take.
Na kai ta gindin ta arba'in da bakwai a kwale-kwale.
Ta shafa ɓawon, ta ce, Yi shiru.
Tsul!
Ta ce, Nilo, ƙarfe nawa? Ina fata kana rubutawa.